Injin da Ya Raina Hannun Baba

Salamu alaikum 'yan uwana na dandali, masu kwana da waya a hannu irina. Kun ga na ɓace muku kusan wata biyu, har wata ta biyo ni ta bayan fage tana tambaya ko aure na yi ban gayyace ta ba. Ba aure ba ne ƙawata, rigima muka sha a gida, kuma wanda ya haddasa ta ko baki ba shi da shi. Babanmu kafinta ne. Yayana yana aiki a jirgin ruwa na dakon kaya, sai sun tsaya a tasha yake samun sabis, shi ya sa muke rubuta wa juna dogayen saƙonni irin na mutanen da, kowa ya karanta ran da ya iso masa. Ya ba ni izini in saka su. Ga su nan yadda suke, ban gyara komai ba.

Wasiƙata ta farko

Yaya, salamu alaikum. Ya aiki, ya ruwa? Da fatan ciwon bayan nan ya sake ka. Nan kowa lafiya, ƙafar Umma ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa da kanta. Baba ma jikinsa lau, ransa ne dai a ɓace, kuma kai ne sila.

Dogo abokin aikinka ya kawo saƙon ranar da ya sauka hutu. Injin huda katako da ɗaure sukuru, sabo fil a akwatinsa, da batir biyu. Ranar har Mai Walda na kusa da shago Baba ya kira ya zo ya gani, yana ta cewa yaron nan bai manta da ni ba. Ni ma na cika umarninka. Na saka manhajar injin a wayata na haɗa su, sannan da Baba ya fita na ɗauke tsohon injinsa, wanda yake kira Jaki, na ba mai sayen tsoffin ƙarafa. Kai ka ce igiyar wutarsa ta zare wata rana za ta ja shi, kuma in dai yana ganinsa ba zai taɓa sabon ba. Har yanzu bai san na bayar ba, yana zaton yana ƙasan tebur cikin tarkace.

To Yaya, abin nan naka ba ya jin magana. Na farko, in bai ji wayata a kusa ba na kwana ɗaya sai ya kulle kansa, wai don kada ɓarawo ya amfana. Yanzu kullum da safe kafin in wuce wajen koyon ɗinki sai na biya shago na gaishe shi kamar suruki, sannan ya yarda ya tashi. Shekaranjiya na makara, na tarar da Baba a zaune ya harɗe hannu, shi da injin suna kallon juna.

Na biyu, ka san Baba ba ya barin kan sukuru a fili. Nutsar da shi yake yi cikin katako, ya cike ramin da garin katako da gam, ya goge, ko ka shafa ba za ka ji ba. Shi kuwa wannan da kan sukuru ya taɓa fuskar katako sai ya tsaya cak, wai aiki ya gama. Wa ya gaya masa ya gama?

Na ukun shi ne babba. A kusurwa Baba a karkace yake tura sukuru, in ya kusa zama sai ya ɗan murɗa hannunsa da sauri ya zaunar da shi. Duk lokacin da ya yi haka sai injin ya ɗauke, ya kunna jar wuta, ya yi ƙara sau uku, kuma ko za ka karya madannin ba zai motsa ba sai ka ƙirga goma. Mai Walda ya sa masa suna Farfesa, wai ya san komai amma ba ya aikin komai.

Don Allah ka gaya min inda ake kashe wannan iyayin nasa. Umma tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Ƙanwarka, Auta

Amsar Yaya, bayan kwana tara

Auta sarauniyar waya, wa alaikumus salam. Na ji daɗin labarin ƙafar Umma. Baya ya yi sauƙi. Awa huɗu kawai za mu yi a nan, don haka a gurguje nake rubutu.

Abubuwan da kika lissafa ba lalacewa ba ce, kariya ce. In injin ya ji hannu ya fizge sai ya ɗauka ƙarfen ya maƙale zai murɗe wa mutum hannu, shi ne yake tsayawa. Ba a kashe shi, kuma kada ki bari kowa ya buɗe cikinsa. Baba ya riƙe shi a miƙe da hannu biyu, ya bi shi a hankali, injin ya san abin da yake yi. Saboda hannun Baba na zaɓe shi musamman. Sati biyu zai saba.

Ki gaishe su da kyau.

Yayanki

Wasiƙata ta biyu

Yaya, salamu alaikum. Muna lafiya, in dai lafiyar jiki kake tambaya.

Na yi wauta. Da saƙonka ya shigo ina shago, doki ya sa ban fara karantawa ni kaɗai ba, na karanta wa Baba a gaban Mai Walda. Da na zo wajen da ka ce injin ya san abin da yake yi, Baba ya ce in maimaita. Na maimaita. Da na zo wajen saboda hannun Baba, sai na ga ya zura hannayensa biyu a aljihu. Mai Walda ya ce ya bar wuta a kunne, ya sulale.

Duk da haka ya gwada yadda ka ce. Ka san matar nan mai kemis ta bakin titi, wadda Baba ya yi wa teburinta na farko tun muna yara? Ta ba shi aikin kantocin jera magani, ya ce mata kwana biyar. Kwana goma sha biyu bai haɗa rabi ba, don kowace kusurwa sai an yi shari'a da Farfesa. Ranar Talata ta zo da kanta ta tsaya tana kallo. A gaban idonta injin ya ɗauke sau shida a kan sukuru ɗaya. A na shidan Baba ya ɗaga shi daidai fuskarsa yana masa faɗa kamar mutum, wai tun kafin a haifi uban wanda ya ƙera ka nake wannan aikin. Matar ba ta yi dariya ba, da ma dariyar ta yi da ya fi. Tausayi ta ji. Ta sassauta murya ta ce Baba ko dai aikin ya yi maka yawa ne yanzu, bari in kai wa wani ya ƙarasa, ka huta. Da yamma aka zo da mota aka kwashe katakon.

Suna tafiya ya durƙusa ƙasan tebur yana neman Jaki. Ya fitar da komai, har gwangwanayen fenti da suka bushe. Ina tsaye ina kallonsa. Sai da na ga ya fara zargin an shigo shagon an yi sata sannan na faɗa masa gaskiya. Wallahi Yaya da ya zage ni da na ji sauƙi. Kallona kawai ya yi ya ce, "Ke ma?" Ya share shagon tas, ya kulle, ya dawo gida ya rataye makullin a ƙusar bayan ƙofa. Kwana huɗu ke nan bai taɓa shi ba.

Kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Na bi manhajar nan lungu da saƙo. Za ka iya canza kalar fitilarsa, za ka iya sa masa suna, har yana ƙirga sukuru nawa aka ɗaura ya turo maka barka, amma wajen kashe tsayawar nan a toshe yake. Na rubuta wa kamfanin, na'ura ta amsa min cewa lafiyata ce a gabansu. Na sake rubutawa da zafi, ta sake turo min magana ɗaya sak, har da hoton fure. Na shiga zauren masu sana'a a intanet, ashe ba mu kaɗai ba ne, mutum ɗari suna ta tsine masa. Wani ya buɗe nasa ya yanke wata 'yar waya, injin ya mutu murus.

An yi gudun gara an tarar da zago. Ka faɗa min yadda zan yi.

Auta

Wasiƙata ta uku, bai amsa ta biyu ba

Yaya, yau kwana goma sha shida ina jiran amsarka. Na ga alamar saƙona ya shiga tun ranar Lahadi, don haka kada ka ce min babu sabis. In kunya ce ta hana ka magana, mu ma nan ba daɗi muke ji ba.

Lafiya dai, ga yadda take. Umma kalau. Baba yana gida. Ka taɓa ganin Baba a gida da hantsi? Ya cire ƙyauren ɗakin girki da ba abin da ya same shi ya mayar. Yana bin Umma yana gaya mata wuƙarta ba ta da kaifi, har ta ce in ba a mayar da mutumin nan shago ba ita za ta koma can da zama. Abincinsa ya ragu. Sannan akwai abin da nake tsoron rubutawa. In yana zaune ba ya komai, hannunsa na dama rawa yake yi a kan cinyarsa. In ya ga ina kallo sai ya danne shi da na hagu.

Jiya na saci makullin na je shago. Na ɗauki Farfesa na riƙe a miƙe kamar yadda ka ce, na tura sukuru a wani guntun katako. Ya shige sumul, ba ja ba ƙara. Ni fa, da ko ƙusa na buga sai ta lanƙwashe. Na zauna a kan benci na yi kuka don takaici. Wato wanda bai iya ba shi yake wa biyayya, wanda ya iya kuma ya mayar da shi ɗan koyo.

Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma ba na son kwana-kwana. Me kake nufi da saboda hannun Baba? Baba ya ɗauka cewa kake yi ya tsufa ya sauka. Ni na yi ta rantse masa cewa yabon hannunsa kake yi. Wanne ne a ciki?

Auta

Amsar Yaya

Auta, salamu alaikum. Ina lafiya. Saƙon ya shigo ne muna wucewa kusa da gaɓa, sabis ya zo na minti biyu ya tafi, ban samu karantawa ba sai jiya. Na karanta biyun a tsaye, ban iya zama ba.

Baba ne ya fahimce ni daidai, ba ke ba. Kin tuna bidiyon da kika saka wata uku da suka wuce, kina tsokanarsa yana shan shayi? Kowa dariya ya yi. Ni kofin na kalla. Yana karkarwa har shayin yana zuba masa a yatsa. Na kalle shi ya fi sau ashirin. A satin da na ga bidiyon kuma wani abokin aikinmu injin huda ya maƙale masa a ƙarfe ya juya da shi, ƙashin hannunsa ya karye gida biyu a gabana. Ina sauka na je shago na ce a ba ni wanda yake tsayawa da kansa, kuma wanda ba a iya kashe masa tsayawar. Da gangan na nemi haka, don na san in ana iyawa ranar farko Baba zai sa ki kashe.

Ban faɗa ba saboda kin san shi, zai ce ƙarya ne. Ke kuma bakinki ba ya riƙe ruwa. Ban so a kwashe masa aiki a gaban mutane ba, Allah ya sani. Amma in gaskiya kike so, da ya rasa yatsa gara ya zauna a gida. Ki lallashe shi.

Yayanki

Wasiƙar Baba, shi ya faɗa ni na rubuta

Babba ɗana, bayan gaisuwa. Ina lafiya, uwarka lafiya. Na sa Auta ta karanta min takardarka duka, na ce in ta tsallake layi ɗaya ban yafe ba.

Ka ga kofi yana rawa a hannuna. Ka gani daidai. Shekara biyu ke nan, ba jiya ya fara ba. To ina tambayarka, kujerar da kake zama a kai in ka zo gida, bara na yi ta. Ka taɓa jin ta yi rawa? Hannun nan in ba shi da abin yi yake rawa. Da ya kama katako sai ya natsu. Kai ka ɗauke masa abin yi, yanzu rawar har ta hana ni ɗaura maɓallin riga.

Murɗawar da injinka yake tsoro ba fizga ba ce. Ni nake yin ta. Ita ce take jawo katako biyu su rungumi juna. Shekara arba'in da ɗaya ina yin ta, yatsuna goma ne, ka zo ka ƙirga. Wanda ya ƙera abin nan bai san bambancin gwani da wanda tsautsayi ya faɗa wa ba, to shi ban ga laifinsa ba, bai san ni ba. Kai ka san ni. A ƙarƙashin teburin nan ka yi rarrafe.

Tsoro ka ji, na yarda. Amma da ka ji tsoron, wa ka tambaya? Ka tambayi mai shago a wata ƙasa, ka haɗa baki da ƙanwarka, kuka aiko min da ƙarfe ya zama wakilinku ya tsaya a kaina. Ni ina nan da kunne biyu ba wanda ya ce Baba me ke damun hannunka. Wannan shi ya ƙona min rai, ba matar kemis ba.

Ubanka

Yaya, ni ce yanzu. Ban gama fushi da kai ba, ka sa ni na yi wa ubana sata kuma ka ce bakina ba ya riƙe ruwa. Amma ga labari. Na nemo mai tsoffin ƙarafan, kwana uku ina bin layi-layi ina tambayar masu tura baro. Ya ce ai bai fasa Jaki ba, da ya ga yana aiki sai ya ba wani mai rubuta allon shaguna. Na je, mutumin ya ce shi kam ya samu abokin aiki ba zai rabu da shi ba. Na roƙa, na yi kuka, a banza. Sai na ga yana ta kallon abin cajin wayata, babban nan da ka kawo min, wanda yake cika waya sau biyar. Na miƙa masa, ya ba ni Jaki. Ka san me wannan yake nufi a wajena, yanzu da la'asar wayata take mutuwa. Mai gyaran lantarki ya sa wa Jaki sabuwar igiya, kuma ya ce da tun farko haka aka yi, aikin minti goma ne.

Da na ajiye shi a gaban Baba bai ce min sannu ba. Ya jona shi ya danna, ƙarar nan tasa mai kamar tari ta cika gidan, sai ya tashi ya ciro makulli. Kwana biyu ya yi yana haɗa wani abu, ya hana ni leƙawa. Ya ba Dogo ya kawo maka tunda hutunsa ya ƙare.

Amsar Yaya ta ƙarshe

Auta, salamu alaikum. Ina lafiya, saƙo ya iso. Ki karanta wa Baba wannan, kada ki tsallake komai.

Akwatin katako ne, mai nauyi, ba murfi, ba ƙusa, ba kan sukuru ko ɗaya. Na juya shi ta ko'ina ban ga ta inda ake buɗewa ba. Na kai wa injiniyan jirginmu, mutumin da yake kwance inji mai girman ɗaki. Muka wuni a kansa. Sai da ya shafa masa ruwa sannan tabon ramukan ya fito. Sukuru goma sha biyu, duk a karkace, duk a nutse. Ya nemi ya zura reza a haɗin kusurwa ta ƙi shiga. Ya tambaye ni wace masana'anta ce ta yi, na ce babana ne, da injin da ya girme ni.

Da muka tone ramukan muka kwance sukurun, a ciki Farfesa ne da batirinsa biyu, da 'yar takarda da rubutun Baba: "Ga abinka. Ka ba wanda bai iya ba." Na danna shi a gaban kowa, ya kunna min jar wuta ya ƙi tashi, wai bai ji wayar Auta a kusa ba. Har yanzu dariya ake min.

Baba, na yi kuskure, ka yafe min. Akwatin ya ba ni amsa. Amma na ga rubutun takardar ma, layin yana hawa yana sauka. Ba cewa nake ka bar aiki ba, na daina wannan maganar har abada. Likita kawai nake roƙo ka gani.

Ɗanka

Wasiƙata ta ƙarshe

Yaya, lafiya lau muke. Na karanta masa yana goge ƙafar wani tebur. Wajen reza ya sa na maimaita sau biyu, ya kuma kira Mai Walda na sake karantawa. Da na zo maganar likita ya ce, "Har yanzu ta bakin wani yake min magana. In yana so in je, ya tambaye ni da bakinsa." Don haka ran da kuka tsaya, kada ka rubuto. Ka kira.

Maganar in buɗe maka Farfesa daga nan kuwa, na duba, ba ya yiwuwa. Lafiyarka ce a gabansu.

Auta

To 'yan uwa, shekaranjiya ya kira. Ina shago wayar ta yi ƙara, na miƙa wa Baba, ya ce in riƙe tukuna. Sai da ya tura sukurun da yake kai, ya murɗa hannun nan nasa ya zaunar da shi, ya shafa wajen da babban yatsa, sannan ya karɓa. Ban ji me Yaya ya ce ba. Na dai ji Baba ya ce, "To. Ranar Alhamis, in na gama teburin nan."

Ni dai har yanzu haushin masu ƙera abubuwan nan nake ji. Ku sa kariyarku, ba wanda ya hana, amma ku bar wa mai abu inda zai ce na ji na gani, bar ni in yi aikina. Ku fa, akwai wani inji a gidanku ko wajen sana'arku da yake nuna ya fi ku sani? Ku ba ni labari a ƙasa. In kun ga ban amsa da wuri ba kada ku yi fushi, cajina ne ya ƙare.